Hoton da Ba a Wanke Ba

Ana sakkowa daga masallacin Juma'a Maigandi baduku ya tarar akwatin hoton Bature ba ya nan. A zaurensa ya bar shi, kan kututturen da yake yankan fata, ya lulluɓe shi da jar fatar akuya, ya ja ƙyaure ya tafi. Da ya dawo, fatar tana nan an ninke ta tsaf, akwatin ne babu. Kafin la'asar duk unguwar dukawa ta ji, kuma kamar yadda aka saba a Sakkwato, kowa ya riga ya san ɓarawon, sai dai ɓarawon kowa daban ne.

Akwatin na Baturen Fatu ne, wanda gwamnati ta turo ya riƙa duba fatun awaki yana buga musu hatimi kafin a kai su Kano. Tafintansa, Malam Abdulwahabu, shi ya kawo abin da hantsi don a auna a ɗinka masa gida na jar fata. To, a zamanin nan da Turawa suka zauna daram a ƙasar, ɓatan jakin talaka magana ce, ɓatan kayan Bature kuwa wuta ce. Wakilin Doka bai ɓoye wa kowa ba: in akwatin bai fito ba, Maigandi zai gurfana gaban alƙali, daga nan sai gidan yari. Mutumin da malaman birni ke damƙa wa Alƙur'anansu ya yi musu gafaka, shi za a gani da mari a ƙafa yana sharar bakin kasuwa. Ga shi ko arba'in ba a yi ba da ya binne ɗansa na fari, Siddiƙu, wanda sanƙarau ya ɗauke cikin zafin bazarar nan yana tsakiyar aiki wajen shi wannan Baturen.

Aka aika a kira Mode mai bin sawu.

Mode ya zo yana jan ƙafa, ba don wulaƙanci ba, gwiwoyinsa ne suka daɗe da daina yi masa biyayya. Ya bi sawun jakai da raƙuma da shanun sata har Gobir da Zamfara, kuma abin da ya rage masa na buri a duniya inuwa ce da fura mai sanyi. Mutane kan yi masa tsiya wai ba ya gane fuska, sai ya dubi ƙafarka sannan ya amsa sallama. Bai taɓa musawa ba. Tare suka tashi da Maigandi, shi ya sa wannan kiran ya fi sauran yi masa nauyi.

Masu zuwa jaje sun riga sun tattake zauren kamar an ci kasuwa a ciki. Mode ya kore su, ya durƙusa da ƙyar. A gefen bango, inda ƙafa ba ta kai ba, ya ga shatin tsintsiya sabo. Ya ce a ransa wannan ɓarawo ya san aiki, har sawunsa ya share. A bakin ƙofa kuma ya ga takalmin da dunduniyarsa ta hagu ta cinye, wanda duk birnin mutum ɗaya ke jan irinsa, Gambo dillali.

Maigandi yana zaune a ƙasa tsakanin 'yan doka, ya zuba hannuwa kan gwiwa. Ya ce, "Ban ɗauka ba, Mode. Kai ka san ni."

Mode ya ce ya sani, amma saninsa ba ya shiga kunnen alƙali.

Daga ƙofar cikin gida, bayan asabarin da ya tsare ta, aka turo ƙwaryar ruwa. Hasana ce, matar Maigandi. 'Yan doka ba su wuce wannan asabari ba, don ba a keta wa mutum cikin gida. Mode ya gaishe ta, ya ƙara yi mata gaisuwar rashi, ta ce an gode, ba ta ƙara komai ba. Haka take. Siddiƙu ɗan fari ne, kuma ta riƙe masa alkunya irin ta mutanen da: tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa ɗaga ido ta dube shi gaban mutane ba, in ya shigo gaishe ta ƙasa take kallo har ya fita. Ranar da aka fito da gawarsa ba wanda ya ga hawayenta. Matan unguwa har kwatance suke yi da ita wa 'ya'yansu. Mode ya sha ruwan, ya dubi 'yan yatsun ƙafarta da suka leƙo ƙarƙashin asabari, ya mayar da ƙwarya. Da yamma aka tafi da Maigandi.

Washegari Mode ya bi Gambo. Maƙwabta sun ce sun ji shi yana cika baki wai akwai wani Kwara, Balaraben ɗan kasuwa, a Kano da zai sayi irin wannan akwati ko nawa ne, kuma tun asuba ya kora jakinsa ya fita gari da kaya a rufe. Sawun ya miƙe hanyar Kwalkwalawa. Mode ya bi shi cikin ranar nan da ke dafa ƙwaƙwalwa, yana tafe yana tsine wa wanda ya fara ƙirƙiro sata. Ya tarar da Gambo a gindin wata tsamiya, ya sa shi ya kwance kayan. Fatun awaki ne marasa hatimi, za a zagaya da su ta bayan Bature. Gambo ya yi ta rantsuwa, ya ce ya dai leƙa zauren kafin Juma'a ya ga abin, ya haɗiyi yawu, ya wuce, kuma Malam Abdulwahabu ya kamata a tuhuma, tun da kowa ya san yadda yake shafa akwatin nan kamar jinjiri. Mode ya roƙi aron jakin ya hau zuwa gida, Gambo na biye a ƙasa, wannan kaɗai ribar da ya ci a tafiyar.

Da gari ya waye aka zo da Maigandi don a sake bincika zauren a gabansa. Ana tura ƙyaure, sai ga akwatin kan kututture, an naɗe shi cikin farin ƙyalle wankakke. 'Yan kallo suka ce abokin satar ne ya ji tsoro ya dawo da shi. Maigandi ya daɗe yana kallon ƙyallen nan. Sannan ya juya wajen Wakilin Doka.

"Ni niɗ ɗauka. A kai ni."

Wakilin Doka ya yi hamdala, aiki ya ƙare. Mode kuwa ya ji gajiyar jiya ta dawo masa sabuwa. Mutumin da ya musa lokacin da babu shaida, ya amsa laifi da ya ga ƙyalle. Ya nemi a bar shi ya duba abin kafin a mayar wa mai shi, aka kira Malam Abdulwahabu ya nuna masa.

Abin bai fi tafin hannu biyu ba, baƙi, da babban ido ɗaya a gaba da 'yan tagogi ƙanana a samansa. Tafinta na karɓarsa ya manta ana zarginsa, baki ya buɗe. Ya ce masu hoton da, akwati suke tafe da shi kamar na kayan ɗaki, a kafa shi kan ƙafa uku, mutum ya cusa kai cikin baƙin zane, a ɗauki hoto kan farantin gilashi. Sai wani maƙeri a ƙasar Jamus, mai ciwon ƙirji, wanda ba ya iya ɗaukar wannan kaya, ya ƙera ƙarami, ya sa masa siririn zaren fim irin na majigi a naɗe, yadda mutum zai ɗauki hotuna da yawa bai buɗe ba. Daga baya aka ƙara masa tagogin nan. In ka leƙa, sai ka ga abin da ke gabanka ya zama biyu. Ka yi ta murza babban idon har biyun su haɗe su zama ɗaya, to nisa ya daidaita ke nan, sai ka danna.

Mode ya kanga a idonsa, ya ga Wakilin Doka ya zama biyu, ya ce ɗaya ma ya ishi Sakkwato. Amma biyun duk a cikin hazo suke. Ya tambaya ko haka yake dama. Tafinta ya karɓa ya leƙa, ya ce a'a, raɓa ce ta kwanta cikin tagar, kuma ina raɓa a bazara. Mode ya kai abin hancinsa. Sabulun salo. Ya sa farce ƙarƙashin wani maɓalli ya zaƙulo ƙwayar busasshiyar kuɓewa.

Malam Abdulwahabu ya kwance babban idon kamar murfin kwalba, ya nuna wani ɗan baƙin labule na ƙyalle da ke bayansa, wanda shi ke tsare haske daga fim. Nan ya yi salati a hankali. Labulen ya huje, bakin hujin a ƙone. Ya ce Bature kullum yana gargaɗi kada a bar idon nan ba murfi yana kallon rana, don yana tara zafinta wuri ɗaya ya ƙona labulen. An kwantar da akwatin ke nan rigingine a tsakar rana. Amma ba a buɗe cikinsa ba, don ta ƙasa ake buɗe shi, da wani ɗan makulli da sai wanda ya sani.

Mode ya zauna kan kututturen. Duk ɓarayin da ya sani duhu suke nema, rumbu ko rami ko ƙarƙashin gado. Bai taɓa ganin ɓarawon da ya ninke fata, ya share ɗaki, ya sa sabulu, ya kai kayan sata wajen shanyar kuɓewa ba. Ya tambayi tafinta ta ina hoton ke fitowa.

"Ba shi hitowa hakanan, Baba Mode. Sai an wanke."

Mode ya rufe ido. Da ma a ce Gambo ne. In ya yi shiru, abokinsa zai tsufa da mari da sunan ɓarawo. In ya yi magana, zai kware wa wata baiwar Allah abin da ta rufe tun tana amarya, wanda mijinta ya gwammace gidan yari da a gani. Ya ji haushin aikin nan nasa kamar bai taɓa ji ba.

Ya roƙi Wakilin Doka a tara mutane kaɗan a zauren bayan la'asar, a rufe ƙyaure, 'yan kallo su tsaya waje. Baturen Fatu ya zo da kansa, dogo, jajir da zafi, ya zauna kan buzu yana naɗe ƙafafu da wahala. Ga tafinta, ga Maigandi, ga Gambo da ke ta gumi don ganin mai hatimi kusa da shi. Ƙarƙashin asabari kuma Mode ya ga 'yan yatsun ƙafar da ya zata zai gani.

Ya fara da Gambo, ya ce sawunsa ya tsaya bakin ƙofa bai shiga ba, kuma abin da ya kai shi Kwalkwalawa ba na wannan zama ba ne. Gambo ya sauke numfashi. Mode ya ce Malam Abdulwahabu kuwa ya san abin sarai, ko hauka yake ba zai nuna wa idon rana ba. Sannan ya juya ga abokinsa.

"Maigandi, tun da kai kaɗ ɗauka, da wane sabulu kaw wanke shi?"

Maigandi ya ɗago kai. "Wanke mi?"

Mode ya tambayi tafinta ko ya yi maganar wanke hoto a wannan zaure ranar da ya zo gaisuwar rashi. Malam Abdulwahabu ya yi jim, sannan ya tuna. Ya ce don ya sanyaya wa uban rai ne ya gaya masa Bature ya ɗauki Siddiƙu a kasuwar fatu kafin ya kwanta ciwo, hoton yana nan cikin akwatin, ba a dai wanke ba tukuna, in an wanke zai fito. Yana faɗa yana jin maganar a bakinsa, har muryarsa ta mutu.

Maigandi ya ce a bar maganar nan, ya riga ya amsa, a kai shi kawai. Sai aka yi gyaran murya bayan asabari.

"Malam, bari. Ni niw wanke shi." Muryar Hasana ba ta rawa, amma ƙasa take ƙwarai. "Cewa anka yi sai an wanke shi hito. Ban tsoma shi ba, kar ruwa shi shige mai hanci. Tsumma nis sa, da sabulu kaɗan. Nis shanya, nij ji ƙauri, niɗ ɗauke. Na leƙa dut tagogin. Bai hito ba."

Bature yana jin Hausa irin ta littafi. Ya tambaya a hankali, wane ne bai fito ba.

Daga baya ta ce, "Wancan."

Bature ya dubi tafinta. Malam Abdulwahabu, wanda bai taɓa rasa Turancin komai ba, ya yi ta kame-kame yana neman yadda zai bayyana uwar da ba ta kiran sunan ɗanta, ba don ƙi ba. Maigandi ya sunkuyar da kai, hawaye na bin gemunsa. Mode ya kafa ido a ƙasa, inda ya saba.

Da Baturen ya gane, ya daɗe yana juya akwatin a hannu. Ya ce ba a yi masa sata ba, don haka ba shi da ƙara, a saki mutumin. Wakilin Doka ya so ya ce wani abu game da labulen da ya ƙone, Bature ya ce labule ana sake shi. Sannan ya faɗi abin da ya fi damunsa. Shi ba ya murza fim gaba sai zai ɗauki wani hoton, kuma tun rasuwar Siddiƙu hannunsa bai ƙara kaiwa ga akwatin ba. Hoton yaron ke nan shi ne daidai bayan labulen lokacin da rana ta huda shi. Tafinta bai fassara wannan da ƙarfi ba, amma asabari ba bango ba ne.

Da aka buɗe ƙyaure, Mode ya gaya wa 'yan kallo ba sata ba ce, ajiya ce aka yi aka manta. Ba su yarda ba, amma ganin Maigandi ya fito ba igiya a hannunsa, kuma Bature ya zare fim ɗinsa ya bar masa akwatin ya ƙarasa ɗinkin, sai suka watse suna gunaguni. Malamai suka ci gaba da kawo aikin gafaka.

Bayan an kwana biyu Malam Abdulwahabu ya biyo ta gidan Mode da 'yar takarda mai sheƙi, ya ce shi ba zai iya kai ta shi kaɗai ba. Bature ya wanke fim ɗin da ruwan maganinsa a ɗaki mai duhu. Sauran hotunan duk sun fito, awaki da fatu da mahauta. Na Siddiƙu kuwa, daga ƙirji zuwa sama fari ne fat, rana ta cinye. Abin da ya rage gindin riga ne, da hannu ɗaya riƙe da fata, da ƙafafu biyu cikin takalmin da ubansa ya ɗinka masa.

Suka tarar da Maigandi yana lailaya gidan akwatin da ya kusa gamawa. Ya karɓi hoton, ya duba, ya girgiza kai, ya ce wannan kam gara kada ta gani. Mode ya ce ba su ne za su yanke mata ba. Ya karɓa, ya durƙusa da gwiwoyin nan nasa, ya tura takardar ƙarƙashin asabari.

Suka jira. Tafinta ya fara ba da haƙuri, yana cewa fuskar ce ba ta samu ba, laifin bakinsa ne da bai yi bayani ba. Hasana ta katse shi.

"Shi na. Ga babban yatsan da yak karkace tun shina rarrahe. Ga tabon da garwashi yay yi mai." Ta ɗan tsaya. "Ni dama nan nis sani."

Malam Abdulwahabu ya buɗe baki, Mode ya taɓa masa hannu ya rufe. Shi ya san abin da ake sani a ƙafa. Suka zauna har aka kira magariba, takardar ba ta dawo ta ƙarƙashin asabari ba, ba kuma wanda ya tambaye ta.